Uwargida, Lissafin da Ke Kayar da Yaranmu Yana Cikin Tukunyarki

A hutun da ya wuce na je Gozaki, can ƙasar Kafur, wurin yayata. Na tarar ana hidimar suna a maƙwabta, an ɗora wa ɗiyarta mai aji biyar a sakandare aunar shinkafa da wake. Uwar ta faɗa mata yadda ta saba: duk kofi 3 na shinkafa, kofi 2 na wake. Yarinya ta zuba shinkafa kofi 15, ta juya ta auno wake kofi 10, ba ta tambayi kowa ba. Da daddare ta ɗauko littafin tsofaffin tambayoyin WAEC, muka ci karo da tambaya irin wannan sak, sai dai an rubuta ta da Turanci, an sa 3:2 a tsakiya. Ta daɗe tana kallon takardar, can ta ce, "Inna, ni fa wannan reshiyon ba ya shiga kaina."

Na ce mata ai da rana kin yi shi, har mutane sun ci sun yaba.

Uwargida, wataƙila ke ma akwai irin wannan yarinya ko yaro a ɗakinki. Lissafin rabo, wanda yara ke kira reshiyo, da ɗan'uwansa lissafin gauraye, suna bin yaro tun daga firamare har ƙofar jami'a. Suna fitowa a jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, wadda ita ce hanyar shiga makaranta irin ta 'yan mata ta tarayya da ke Bakori. Suna nan a jarrabawar kammala aji uku, suna nan a WAEC da NECO ta aji shida, suna nan a JAMB. Yarinyar da ke burin shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi, ko karatun lafiya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai ta kawo kiredit a lissafi tare da Turanci da darussan kimiyya uku. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. Wanda ya samu D7 sai ya sake zama, a sake biyan kuɗi, a jira wata shekara. Ke ma kin san abin da jiran shekara guda yake nufi ga ɗiya mace a garuruwanmu. Sau da yawa daga nan maganar karatun take mutuwa.

Ba sai kin yi boko mai zurfi ba kafin ki taimaka. Abin da za ki koya wa yaro guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne.

Nemo kaso ɗaya

Idan aka rubuta 3:2, ana nufin an kasa abu kashi 5, ɓangare ɗaya ya ɗauki kaso 3, ɗayan ya ɗauki kaso 2. Duk tambayar da za a yi, aikin farko shi ne a gano nawa ne kaso ɗaya. Da zarar an same shi, tambaya ta mutu.

Masu shirya jarrabawa suna ɓoye wannan kaso ta hanya uku. Bari mu bi su da misalin da kika sani. A ce mata biyu sun haɗa jari lokacin kaka, sun aika an sayo musu masara a kasuwar Dandume, suka ajiye sai da ta yi tsada. Ta farko ta zuba N150,000, ta biyu N90,000. Idan kika raba kowanne da 30,000 za ki ga jarinsu 5:3 ne.

Wani lokaci a ba yaro jimla. A ce ribar da aka samu N64,000 ce, nawa kowace za ta ɗauka? A haɗa 5 da 3, kaso 8 ke nan. A raba 64,000 gida 8, kaso ɗaya ya zama N8,000. Ta farko tana da kaso 5, wato N40,000, ta biyu kaso 3, wato N24,000.

Wani lokaci kuma rabon mutum ɗaya za a faɗa. A ce ta biyu ta samu N24,000, nawa ce ribar gaba ɗaya? A nan yara da yawa suke faɗawa rami, domin hannunsu ya saba da haɗa 5 da 3, sai su raba 24,000 da 8. Alhali 24,000 ɗin kaso 3 ne kacal, na mace ɗaya. Da 3 za a raba, a samu 8,000, sannan a ninka sau 8 a samu N64,000. Irin wannan ce ɗiyar yayata ta yi da rana: kofi 15 na shinkafa kaso 3 ne, kaso ɗaya kofi 5, wake kaso 2, kofi 10.

Ta ukun ita ce ta bambanci. A ce ta farko ta fi ta biyu da N16,000. Tsakanin 5 da 3 kaso 2 ne, saboda haka 16,000 kaso 2 ne, kaso ɗaya 8,000. Mun sake dawowa inda muke.

Kin ga labari ɗaya ne, ƙofar shiga ce ta bambanta. Don haka kafin yaro ya taɓa biro, ki saba masa da tambayar kansa: wannan lambar da aka ba ni, ta kowa da kowa ce, ta mutum ɗaya ce, ko ratar da ke tsakaninsu ce? Da yake takardar da Turanci take zuwa, ki sa ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ke nuna hakan. Inda ya ga "altogether" ko "total", jimla ake nufi. Inda ya ga "more than", rata ce. A ganina rabin yaran da muke cewa ba su iya lissafi ba, Turancin tambayar ne ya kayar da su. Ki sa ya fassara miki tambayar da Hausa da bakinsa, kamar yana ba ki labari. Idan ya kasa ba ki labarin, to bai kai ga lissafi ba tukuna, kada ki bari ya fara rubuta lambobi.

Akwai wani kuskure da ya kamata ki sa wa ido. Idan aka ce manomi ya haɗa kamfa da yuriya 2:1, yara kan ce yuriya rabi ce. Rabin kamfa ce, gaskiya, amma a cikin haɗin gaba ɗaya kashi ɗaya ce bisa uku. In buhu 12 ne duka, yuriya buhu 4 ce, kamfa 8. Ki jera masa murafun kwalba ko 'ya'yan gyaɗa a tabarma, biyu nan ɗaya can, biyu nan ɗaya can, har su cika 12. Abin da ido ya gani a tabarma ya fi zama a kai.

Lissafin da muka gada

Kada yaro ya ɗauka wannan ilimi baƙo ne da ya zo da Turawa. Duk gidan da aka taɓa rabon gado an yi lissafin rabo, domin a tsakanin 'ya'ya namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, 2:1 ke nan. A ce bayan an biya bashi, an fitar da wasiyya da rabon sauran magada, abin da ya rage wa 'ya'ya N1,400,000 ne, maza 2 da mata 3. Maza kaso 4, mata kaso 3, jimla 7. Kaso ɗaya N200,000, kowace mace ta ɗauki wannan, kowane namiji N400,000. Rabon gado na gaske aikin malamai ne da alƙalai, yana da rassa da yawa, amma ƙashin bayansa wannan nemo kaso ɗayan ne. Haka zakkar amfanin gona: wanda ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma, na ban-ruwa da aka sha wahalarsa ɗaya bisa ashirin. Manomin da ya tara dami 60 na dawa bai taɓa neman kalkuleta ba kafin ya ware 6.

Littafin da Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, babban ɓangarensa a kan lissafin gado da wasiyya yake. Mu ma a nan ƙasar Katsina muna da namu: Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da ya yi rubutu da Larabci a kan jadawalin lambobi a 1732, ya rasu a Alkahira a 1741. Na kan faɗa wa yara wannan duk lokacin da wani ya ce mini lissafi ba na Bahaushe ba ne.

Idan aka gauraya

A nan ne tambayoyin suka fi wuya, a nan kuma nake so ki ɗan daɗe.

A ce mai shago ya haɗa shinkafa iri biyu. Tiya 30 mai N3,000, da tiya 10 mai N4,200. Nawa tiya ɗaya ta haɗin ta tsaya masa? Farashin misali ne na sa, kin san kasuwa ba ta kwana wuri ɗaya. Yaro mai gaggawa zai haɗa 3,000 da 4,200 ya raba biyu, ya samu N3,600. Kuma zai tarar da 3,600 tana zaune cikin zaɓin amsoshi tana jiransa, domin masu shirya tambaya sun san wannan kuskuren, da gangan suke ajiye shi. Raba biyu yana yin daidai ne kawai idan shinkafar biyu yawansu ɗaya. A nan mai araha ta ninka mai tsada sau uku.

Hanyar ita ce a yi yadda 'yar kasuwa za ta yi. Nawa na kashe duka? Tiya 30 sau 3,000, N90,000. Tiya 10 sau 4,200, N42,000. Jimla N132,000. Tiya nawa na samu? 40. A raba, kowace tiya ta tsaya N3,300. Ki lura amsar ta fi kusa da 3,000, domin mai arahar ce ta fi yawa. Wannan lura kaɗai tana iya ceton yaro a ɗakin jarrabawa: farashin haɗi ba ya taɓa fita daga tsakanin farashin biyu, kuma kullum yana karkata wajen wanda ya fi yawa. Da haka zai zubar da zaɓi biyu ko uku kafin ya fara lissafi.

Sai a juya tambayar, kuma wannan juyin ne ya fi tsorata yara. A ce: ta wane rabo za a haɗa mai N3,000 da mai N4,200 don haɗin ya tsaya N3,300? A makaranta akan koya musu sa x da y, wasu malaman kuma su zana musu gicciye su ce a haddace. Duk suna kai wa ga amsa, amma yaron da ya haddace bai gane dalili ba, ranar jarrabawa sai ya juya lambobin. Ga yadda za ki faɗa masa. Duk tiya ɗaya ta mai araha da aka sayar N3,300, an ci ribar N300. Duk tiya ɗaya ta mai tsada da aka sayar N3,300, an yi asarar N900. Tiya nawa ta mai araha za ta toshe asarar tiya ɗaya ta mai tsada? Uku, tunda 300 sau 3 ne 900. Amsa 3:1, mai araha uku, mai tsada ɗaya. Ɗiyar yayata da na bi da ita ta nan sai ta yi dariya ta ce, "Ashe ciniki ne kawai."

Ki dai ƙara masa da cewa a takarda ne ake haɗa mai araha da mai tsada ba a yi bayani ba. A kasuwa, wanda ya haɗa ya ɓoye wa mai saye ya yi algus.

Misalin da ya fi kusa da yaran Funtua da Malumfashi da Kafur shi ne taki, tunda a gaban idonsu ake sauke shi duk damina. Ki sa yaro ya karanta abin da ke jikin buhu. Lambobin nan 15-15-15 da ke jikin kamfa suna nufin kowane ɗaya daga sinadarai ukun da ke ciki kashi 15 ne cikin 100, na farkonsu shi ne naitirojin, mai sa ganye ya yi kore shar. Yuriya kuwa naitirojin ɗinta kashi 46 ne cikin 100. Buhu kilo 50 ne. Saboda haka buhun kamfa yana ɗauke da naitirojin kilo 7.5, buhun yuriya kilo 23. Idan aka haɗa kamfa 2 da yuriya 1, naitirojin ya zama 15 da 23, kilo 38, a cikin taki kilo 150. A raba 38 da 150 a ninka da 100, a samu kashi 25 da ɗan ɗoriya. Mai gaggawa da ya haɗa 15 da 46 ya raba biyu zai ce 30.5, ya faɗi. Tsarin bai canza daga na shinkafa ba: a nemo abin da kowane ɓangare ya kawo, a haɗa, a raba da jimlar nauyi. Yaron da ya iya wannan, ko bai ci gaba da boko ba, ba za a ruɗe shi a shagon taki ba.

Akwai kuma tambayar ƙarin ruwa. A ce kin haɗa zoɓo lita 20, tataccen zoɓo da ruwa 3:1. Ya yi kauri, kina so ya koma 3:2. Ruwa lita nawa za ki ƙara? Sirrin irin wannan shi ne a nemi abin da bai motsa ba. Da farko kaso 4 ne, kowanne lita 5, tataccen zoɓo lita 15, ruwa lita 5. Ruwa za ki ƙara, zoɓon yana nan a lita 15, kuma har yanzu shi ne kaso 3. Kaso ɗaya lita 5, ruwa kaso 2 ya kamata ya zama lita 10. Akwai 5 a ciki, sai ki ƙara 5. Yara da yawa sukan kai har 10 su tsaya, su manta an ce nawa za a ƙara. Ki saba masa da komawa ya sake karanta layin ƙarshe na tambaya kafin ya zaɓi amsa. Ɗaliban kimiyya za su sake haɗuwa da wannan lissafin a darasin kemistiri, wurin tsarma sinadari da ruwa, don haka ko yarinyar da ba za ta rubuta lissafi a JAMB ba tana bukatarsa.

Ƙananan tarko guda biyu, a gurguje. Ba a kwatanta abu biyu sai ma'auninsu ya zama ɗaya: minti 45 da awa 2 ba 45:2 ba ne, a mayar da awa 2 minti 120, ya zama 45:120, a rage ya koma 3:8. Sannan ba kullum ƙari ke jawo ƙari ba. Idan 'yan ƙwadago 6 suna gama noman gona a kwana 4, mutum 8 ba za su ƙara kwana ba, ragewa za su yi. Aikin duka kwana 24 ne na mutum ɗaya, a raba wa mutum 8, kwana 3.

Agogo

Sanin hanya daban, saurin bin ta daban. A JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 ce cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Ki ba yaro wannan ma ya lissafa, zai ga kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. A takardar zaɓi ta lissafin WAEC tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, ƙasa da minti 2 ke nan kowace. Sai dai a takarda ta biyu, wadda ake rubuta aiki, ana ba da maki a kan matakai. Yaron da ya nuna yadda ya haɗa kaso ya nemo kaso ɗaya zai tsira da wani abu ko da ya yi tuntuɓe a ƙarshe, wanda kuwa ya rubuta amsa tsirara ya yi asarar makin matakan. Ki hana shi ɗabi'ar yin lissafi a gefen takarda yana gogewa.

Ban yarda da zaman awa uku a kan littafi ba, musamman ga yaron da ya wuni makaranta ya dawo ya tafi Islamiyya ko gona. Tambaya 3 a rana ta isa, ɗaya daga bakinki da Hausa lokacin da kuke aiki, biyu daga littafin tsofaffin tambayoyi. Makonnin farko kada ki sa agogo. Sai hannunsa ya faɗa, sannan ki kunna agogon wayarki ki ba shi minti 2, daga baya ki rage zuwa ɗaya. Idan ya kuskure, kada ki karɓe biron, kada kuma ki ce ga ƙanwarsa can ta fi shi. Ki ce ya mayar da amsarsa cikin labarin ya gani ko ta zauna. Wanda ya ce rabon matan nan N45,000 ne da N24,000, da ya haɗa ya ga bai ba shi 64,000 ba, da kansa zai koma baya.

In kuma ke ce lambobin suke ba ki tsoro, ki bar shi ya zama malaminki. Ki ce ban gane ba, sake yi mini bayani. Yayata da ba ta wuce firamare ba haka take yi, kuma na lura ɗiyar ta fi riƙe abin da ta koya wa uwarta fiye da abin da ni na koya mata.

Ga ɗaya ki gwada shi da ita yau bayan sallar isha'i. Mai kiwon kaji ta haɗa masara da dusa 7:3, masarar ta fi dusar da tiya 12. Tiya nawa ne haɗin duka? Ki bar shi ya yi, kada ki nuna masa wayar. Ratar kaso 4 ce, kaso ɗaya tiya 3, kaso 10 tiya 30. Idan ya ce miki 12 za a raba da 10, ki ɗauko gyaɗar nan ku koma tabarma.